Sunan da Na Kai Ƙara a Misfala

Asubar fari muka bar gida, ni da wata maƙwabciyata, muka kama jirgin Jidda daga Kano. Niyyata biyu ce, Umara da suna. Ɗan yayana, haifaffen Makka, ya auro wata Baturiya 'yar ƙasar Estoniya da ta musulunta, sun haɗu wurin karatu a Turkiyya, ga shi Allah ya sauke ta lafiya an samu mace.

Titin Jidda zuwa Makka sumul, har barci ya ɗauke ni. Bayan mun sauke Umara muka gangara unguwar Misfala a ƙafa, ta cikin masu sayar da dabino da darduma. Komai ya yi tsada, dabinon da na saba ciko jaka da shi bana taya shi kawai na yi na wuce. A gidan Yaya aka tarbe mu da wake da burodin tamis mai zafi, yaran gidan suna yi mini Hausa rabi Larabci rabi.

A nan na tarar da rigima. Mai jego tana son a sa wa jaririya sunan mahaifiyarta da ta rasu, Eha. Yaya kuwa ya ce ba zai raɗa wa jikarsa sunan da bai san asalinsa ba, wa ya sani ko na gunki ne. Mai jegon ba ta da kowa a ƙasar nan, sai kuka take a ɗaki. Raina ya ɓaci, na ce ba zan koma Kano ba sai an yi ta ta ƙare.

Na zauna da ita, mijin yana fassara. Ta ce a harshensu Eha shi ne jan da ke saura a sama bayan faɗuwar rana. A ƙasarsu, lokacin zafi, jan nan yakan daɗe ƙwarai bai gushe ba. Kakanninsu ne suka gaji da sunayen aro na Jamusawa, suka koma ɗauko suna daga harshensu.

Washegari da yamma na matsa aka kai mu ziyara Arfa, na sa Yaya a gaba. Filin fayau, ba ka ce nan ne ake cika ranar Hajji ba. A hanyar dawowa ta Muzdalifa muka tsaya sallar Magariba, sai na nuna masa yamma.

"Yaya, mene ne wancan?"

"Shafaƙi mana. In ya ɓace Isha ta shiga."

"To, sunan ke nan."

Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗayyib, khalas. A sa mata shi."

Ranar suna aka yanka rago, aka raɗa Eha. Ina ta hura hanci, ashe da sauran aiki. Kafin azahar gida duk ya koma kiran jaririya Ummi, don wa zai kama sunan suruka gatsau? Uban ma kunya ta hana shi. Mu a wurinmu girmamawa ce. Mai jego ta jawo ni gefe, da 'yar Hausarta ta ce, "Gwaggo, ni so nake in ji ana faɗa." Ni ma kuwa Ummi na ce da safen.

Na ɗauki yarinya na fito tsakar gida, na kira sunan da ƙarfi har 'yan suna suka waiwayo. Wata tsohuwa ta ce ba ni da kunya, na ce na yarda.

Na dawo Kano da Zamzam da ciwon ƙafa. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, kafin ka girmama mutum ka tambaye shi abin da yake so. Har yau gidan Ummi suke cewa. Ni kuwa duk Juma'a sai na buga waya na ce a ba ni Eha, uwar takan ce in maimaita.