Goggo Ta Ƙi Ƙaura

Marigayi Baba ne ya buɗe gurup ɗin danginmu a waya, shi kaɗai kuma ke da ikon saka mutum ko fitar da shi. Kafin ya rasu ya saka wani mai maganin basir da suka haɗu a tasha, don dai mutumin ya iya gaisuwa. Baba ya tafi da mabuɗin, mai basir ya zauna daram. Ana sanar da haihuwa, sai ya turo hoton kwalba. Ana ta'aziyya, kwalba!

Ranar da ya amsa sanarwar auren ɗiyata da ragin farashi, na ce wallahi an gama. Ɗan kawuna na Jiratawa ya nuna mini wata manhajar, na buɗe sabon gurup, na yi shela kowa ya taso.

Ƙaura ba wasa ba. Wasu wayarsu ta cika, wasu suka ce sabuwar na cin kuɗi kamar gara. Kawu ya shiga ya fita sau uku, duk da kuskure, kowane karo kuma sai ya yi sallama. Da ƙyar na tattara kowa, ban da Goggo, ƙanwar Baba, da ke Tibiri.

Goggo ba ta karatu, da launi take gane manhaja. Na hau kabu-kabu takanas daga Sabon Gari, na saka mata sabuwar, na nuna mata inda za ta danna. Ta ce ba a tashi daga gida ba a sallami maƙwabta ba. Ta bi mutane ɗaya bayan ɗaya tana neman gafara, har da mai basir. Shi ma ya yafe mata.

Sati biyu shiru, ba muryarta. Raina ya ɓaci, na koma Tibiri da faɗa a bakina. Na karɓi wayar, sai ga saƙonnin murya jere a tsohon gurup, kowace safiya ɗaya.

Na ce, "Haba Goggo! Wa kike gaidawa a kango? Ba kowa sai mai basir!"

Ta ce, "Kai dai ba ka da hankali tun kana yaro. Duba sama."

Na duba. Ga hoton Baba da farar hularsa, lambarsa na nan a kan gaba.

Ta ce, "Kun kwashe kun tahi kun bar Yaya shi ɗai. A sabon gidan naku akwai shi?"

Babu shi, ba kuma yadda za a yi a kai shi. Na ajiye faɗan da na zo da shi, kunya ta rufe ni, na yi kewar ubana kamar ranar da aka binne shi.

Da safe na sa ɗan kawuna ya maida mini tsohuwar manhajar da na goge, na tarar sunana na nan a tsohon gurup. Na danna, na ce, "Baba, ina kwana."

Mai basir ne ya fara amsawa. Wannan karon bai turo kwalba ba, cewa ya yi Allah ya jiƙan Alhaji.