Matar da Ba a Gani Sai Daga Bakin Ƙofa

Ina aji uku a sakandare a Yelwa, lokacin muna jihar Sakkwato, malamin zane ya kawo mana hoton wata tsohuwar kalandar Turawa: fili, ciyawa, da wata mata riƙe da laima. Na ɗauka ruwan sama ne ya ɓata hoton, har na yi masa jaje. Ya yi dariya, ya ce ai irin wannan ba a jan layi, ɗiga fenti ake yi, ido ya haɗa sauran. Ya ce kowa ya kwaikwayo.

Nan fa na haukace. Sati biyu ina ɗige-ɗige a bayan ɗakin Inna, kunnena kore, farcena shuɗi, har akuyarmu ta samu rabonta a wutsiya. Ciyawar Turawa ta gagare ni, na je bakin ruwa na aro tamu. Matar kuwa na ba ta tsayuwar Inna in tana jiran jiragen kifi, hannu ɗaya a ƙugu.

Tsorona Baba. Tela ne, dokarsa ɗaya ce: in zana itace, in zana ruwa, amma ranar da ya ga mai rai, burushina sai murhu.

Rannan ya ritsa ni. Ya ɗauki zanen, ya kai dab da hanci kamar yana duba ɗinki. Ba ido, ba baki, sai ɗigo. Ya ce ɓarnar fenti ce kawai, ya jingina shi da bango. Saura kaɗan in taka rawa.

Sai da ya kai bakin ƙofa ya juyo zai ce in wanke hannu, ya tsaya cak.

"Wagga ai innakka ta," in ji shi.

Ya matso, ta ɓace. Ya ja baya, ta dawo. Sau uku yana yi, Inna na dariya tana tambayar yaushe ta yi laima.

Bai nemi burushi ba. Ya ce a rataye masa zanen a shago, dab da keken ɗinki, inda in ya zauna fenti kawai zai gani. Na rataye ina tsalle. Daga ranar nan kuma, duk safiya Baba kan daɗe a bakin ƙofar shago kafin ya shiga.