Dattijon da ya tsame naman

Akwai wata 'yar Filifin da muke aiki tare a gidan kula da tsofaffi. Wata Lahadi na gayyace ta cocinmu na 'yan gida da ke titin Gate City Boulevard a nan ƙasar waje, don bayan sujada mukan ci abinci tare. Ta zo da katuwar tukunyar romon alade da taliya, da hanta, da soyayyiyar tafarnuwa, an barbaɗa dakakkiyar soyayyiyar fatar alade a kai. Ta ce a wurin 'yan China kakanninta suka koya, kuma tun jiya ƙasusuwan ke kan wuta.

Wani dattijon coci, wanda a gida Kafanchan ba a yanka alade bai ji labari ba, ya leƙa tukunyar ya yatsine fuska. Ya juyo ya ce mini da Hausa, "'Yata, wannan ai ruwan wanke kwano ne. Ina tuwon?"

Sai ya ɗauki ludayi. Ina tsaye ina kallo ya bi tukunyar yana tsame nama da hanta yana tsiyaye romon, har ya cika faranti ya yi tozo. Yara da mata da ke bayansa taliya da ruwa suka samu. Baiwar Allah ba ta jin Hausa, sai murmushi take yi, a zatonta girkinta ya karɓu.

Shi aka ba addu'ar rufewa. Ya daɗe yana roƙon Ubangiji ya raba mu da haɗama, maiƙo na ƙyalli a gemunsa. Ban ce amin ba.