Ranar da Muka Kashe wa Fatalwa Murya

Shekarun baya, ɗiyata ta fari tana shirin brebe, jarrabawar fita kwaleji, sai barci ya ƙaurace mata. Ta rame. Littafi buɗe gabanta, idonta na bakin ƙofa. Ƙanwar mijina ta ce iska ce, a kai ta Birnin Lalle wurin wani malami, ko da jarrabawar za ta wuce ta.

Kwana uku ina lallashi kafin ta faɗa mini: wani tsohon fim na fatalwa ne ta gani a wayar ƙawarta.

Na ce, "Aro shi mu gani tare."

"Inna, ba ki iyawa."

"Ni da na haife ki?"

Muka zauna ƙarƙashin rumfa da rana. Fim ne baƙi da fari, da Faransanci, kuma karatuna na makarantar manya bai kai can ba. Ashe ba sai ka ji yaren ba. Mace guda ce, Baturiya, cikin ƙaton gida, riƙe da kyandir. Fatalwar ko sau ɗaya ba su nuna ta ba. Ƙofa ce za ta yi ƙara a hankali, sai dogon shiru, sai wani siririn kiɗa kamar kukan goge daga nesa. Ni mai cika baki, sai ga ni na naɗe ƙafafu ina roƙon Baturiya ta yi bisimilla kafin ta buɗe.

Ta kama ƙofar ke nan aka kira la'asar. A gidanmu ko rediyo ake ji, sai a kashe murya har ladan ya gama. Ɗiyata ta kashe, hoton ya ci gaba.

Sai ga mace kawai tana leƙe-leƙe, tana zaro ido ga labule.

Da ladan ya gama na ce, "Wagga kamar ni in kazata ta ɓace."

Ɗiyata ta yi dariya har da hawaye. Bayan salla muka maimaita wurin, da murya, babu murya. Ita da kanta ta ce, "Inna, kin gani? Kiɗan shi ka fara ba ki tsoro, tun ƙofar ba ta motsa ba."

Kafin magariba ta yi barci bisa cinyata. Ba a je Birnin Lalle ba, jarrabawa kuma ta zauna ta.

Tun ranar na daina ce wa yaro "ba komai" in ya tsorata. Zama nake kusa da shi mu duba tare. Har yau ɗiyata tana ba da labarin jarumtata. Ban taɓa gaya mata ba, da ta riƙe hannuna, ni ma nata nake riƙe.