Ranar da na yafe wa abokina a gaban jama'a

Shekarun baya, ina ɗan shekara goma sha biyar, na kai matsayin da malaman tauhidi ke tsufa ba su kai ba: na gama fahimtar gafara. Na haddace ayoyinta, har ina gyara wa manya lambar sura. Abin da ya rage mini kawai shi ne in samu wanda zan yafe wa.

Mu Kiristocin Najeriya da ke Jidda ba mu da yawa, sujadarmu ma a falo muke yin ta ranar Juma'a. Idan aka yi dogon hutu, matar dattijonmu, wadda kowa ke ce wa Mama, takan tara matasa yini uku a gidanta da ke Mahjar, ta kira abin sansani. Babu tanti, babu daji. Labule a sauke, mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, yana ruri, mu goma sha huɗu a kan kafet muna waƙa ƙasa-ƙasa, ba ganga ba tafi.

A cikinmu akwai abokina, wanda mahaifinsa ke aiki a wani sito a Khumra. Mako shida ba a ga uban a sujada ba. Duk lokacin da na tambaya, sai ya ce, "Ya je Jos duba kakata." Ni kuwa na riga na ji mahaifiyata tana faɗa a waya cewa sun saɓa da kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa, iƙamarsa, takardar izinin zama, ta mutu, an kama shi, yana tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu. Da na ji haka ban tausaya wa abokina ba. Haushi na ji, wai ni zai ɓoye wa.

Rana ta uku Mama ta ce, "Yarana, duk wanda ke riƙe da wani a zuciya, yau ya sauke." Wata ta yafe wa yayarta, aka yi kuka. Wani ya yafe wa malamin lissafi, aka yi dariya, aka ce amin. Na ga kasuwa na neman tashi ban kasa hajata ba, sai na miƙe, na gyara murya.

Na ce, "Ina so in yafe wa ɗan'uwana da ke zaune a nan. Mako shida yana mini ƙarya wai babansa na Jos, alhali na san yana tarhil. Ya ji mini ciwo, amma saboda Yesu, na yafe."

Falon ya yi tsit. Na ɗauka Ruhu ne ya sauko. Har hannu na buɗe ina jiran runguma.

Mama ta ce, "Zauna, ɗana." Ba ta ko kalle ni ba.

Da a wani wuri ne, da abokina ya tashi ya buga ƙofa ya yi tafiyarsa. Amma a gidan Mama ba a fita yadda aka ga dama. Bibbiyu ake fita, a bar tazara, don kada maƙwabta su ga taro. Unguwarmu ɗaya da shi, saboda haka tare aka sallame mu bayan la'asar.

Muna tafe, zafi na tasowa daga kwalta, na ce, "Wallahi har na ji sakayau. Kai fa?"

Sai ya ce, "Yaushe aka kama shi?"

Na ce, "Haba, kai ma! Ai ka fi ni sani."

Ya ce, "Halas, ya isa." A haka muka rabu.

Kafin in isa gida Mama ta kira mahaifiyata. Mahaifiyar tawa ta tare ni a ƙofa ta ce, "Kunnenka ya yi sata, bakinka ya kai kasuwa, kuma kana jiran a ce maka sannu da aikin Ubangiji?"

An mayar da mahaifin abokina gida Najeriya, iyalinsa ma suka bi shi kafin shekara ta ƙare. Ba mu yi sallama ba.

Har yau idan na ji wani ya miƙe a taro zai yafe wa wani, sai in sunkuyar da kai. Na gane cewa ana iya yi wa mutum tsirara da kalmomi masu tsarki, mai yin kuma ya koma gida yana jin ya yi ibada. Gafarar da ke bukatar 'yan kallo, yawanci mai ita ne ya kamata ya roƙa.

Bayan shekara tara na samu lambarsa. Na rubuta masa doguwar ban-haƙuri, na sa ayoyi uku, na ji kunya na goge su, na tura. Na ce ya yafe mini tona abin da yake ƙoƙarin rufewa.

Washegari ya amsa: "Ya wuce tuni, Malam, kada ka damu. Gyara ɗaya kawai. Ban yi maka ƙarya ba. Jos mamata ta ce mini. A bakinka na fara ji."