Miyar Asabar ta Baba Mai Agogo

Mijin Gwaggona mai gyaran agogo ne. Shekara arba'in ya yi a wani ɗan shago a ƙarƙashin matakalar bene, da madubi manne a ido ɗaya. Baba muke ce masa. Ba ya faɗa, ba ya yawo, ko inda ake ajiye tsintsiya a gidansa bai sani ba. Abu ɗaya yake taƙama da shi bayan agogo: miyar naman sa da yake dafawa da hannunsa kowace Asabar.

Da safe zai je wurin mahauci ya zaɓo tsoka. Yana yanka yana gwadawa da rula, kada wani yanka ya fi wani. Dankali yake fara zubawa, sai karas da albasa, nama kuwa a ƙarshe, wai babba ba ya riga yara shiga. Sannan ya ƙara abin da yake kira sirrinsa: ganyen shayi cokali uku, sukari da ɓawon lemo. Ba ya ɗanɗanawa, a cewarsa ɗanɗano aikin marar agogo ne. Ya rufe tukunya, ya saita ƙararrawa minti arba'in, ya shiga ɗaki ya miƙe. Dokarsa ita ce kada kowa ya ɗaga murfi.

Ba wanda yake ɗaga murfin. Tukunyar gaba ɗaya ake ɗaukewa.

Asabar ta farko bayan aurensu, Gwaggo ta saci ɗanɗano yana barci. Ta ce sai da ta zauna a ƙasa. Da ya tashi ta ce masa kyanwa ta kifar da tukunyar. Kafin mako ya zagayo ta sayo wata iri ɗaya sak, ta kai gidan maƙwabcinsu tela, wanda matarsa ƙawarta ce. A can take dafa tata tun da sassafe. Ta soya naman har ya yi ja, ta zuba albasa da tumatir, ta rage wuta ta bar shi awa uku, dankali sai nama ya kusa rabuwa da ƙashi. Baba na fara minshari ta yi musanya ta ƙofar baya. Da matar tela ta rasu, tela ya ci gaba da barin ƙofar a buɗe, bai taɓa cewa uffan ba.

Shekara talatin da ɗaya ana haka. 'Ya'ya sun sani, surukai sun sani, mahauci ma kashi biyu yake yankawa. Baba kuwa ya riƙa gayyato baƙi, suna santi yana gyara zama. Yakan dubi Gwaggo ya ce, "Ke dai ki riƙa kallo kina koyo." Ta ce, "Ina ƙoƙari, Malam."

Bara aka yi wa Gwaggo aiki a gwiwa, Asabar ta same ta a gadon asibiti. Ta kira ni tun ranar Juma'a, ba ta ko bari na tambayi jiki ba, ta karanta mini yadda ake yi. Na je gidan tela da wuri na dafa, na zagayo ina jiran Baba ya kwanta. Ya ƙi. Ya ce ɗakin ya yi masa faɗi. Ya jawo kujera ya zauna a gaban murhu, agogo a cinya.

Na ce, "Baba, kamar ana sallama a waje."

Ya ce, "In mai gaskiya ne zai jira."

Ƙararrawa ta buga, ya zuba mana da kansa. Dankalin ya narke ya bi ruwa, romon ya yi kalar ruwan kwata, naman kuwa kamar an yanko tayar keke. Baba ya sa yanka ɗaya a baki ya shiga tauna. Ya daɗe yana yi, ya huta, ya ci gaba. Can ya ajiye cokali ya ce, "Wannan bijimin da baƙin ciki ya mutu. Gobe zan ga mahauci."

Muna cikin haka tela ya yi sallama ta ƙofar gaba, da kwano a hannu. Ya ce, "Ku gafarce ni, na ga lokaci ya wuce ba a kawo mini tawa ba. Wadda aka bari a wurina ba ta da ganyen shayi."

Na yi ta ƙifta masa ido, amma tela ido ɗaya yake gani da shi, shi ma sai da tabarau. Ya zauna ya zayyana komai. Da farko, in ji shi, karensu suke ba wa miyar Baba, kare ya bar gidan. Shi kuma ba ya son ɓarnar abinci, sai ya fara ci da kansa. Haƙora biyu ya rasa a shekarun farko. Daga baya bakinsa ya saba, har ta kai duk wata miya salam yake jin ta. Yana magana yana zuba ta Baba, yana lumshe ido.

Baba ya sa hularsa, na bi shi har asibiti. Ya tsaya a bakin gadon Gwaggo ya ce, "Tela ya zo."

Gwaggo ta dube ni, ta dubi silin.

Ya ce, "Minti nawa kike ba ta?"

"Awa uku, Malam."

Ya yi lissafi, sannan ya ce, "Ya yi yawa." Ya gyara mata matashi, ya zauna yana ɓare mata ayaba.

Yanzu ya bar shago saboda ido. Ranar Asabar su biyu suke shiga kicin, kowa da murhunsa. Baba yana cin ta Gwaggo yana nuna mata kurakuranta, tela kuma yana zuwa da kwanonsa ya cinye ta Baba shi kaɗai. Kwanan baya ma ya roƙi a ƙara ganyen shayi, Baba ya mayar da shi cokali huɗu.