Shekarar da Libarbar Tsoho Ta Fara Kuskure

Ranar Asabar na kai ɗinki wurin wata tela a unguwar Lewisham a London, na tarar tana ɗiga wa kekenta mai. Warin man na shiga hancina na ja kujera na zauna. Ta tambaye ni ko lafiya, na ce bas ce ta gajiyar da ni. Ta ina zan fara yi mata bayanin cewa da irin wannan man kakana yake goge bindigarsa?

Libarba ake ce mata, ƙaramar bindiga ce mai ɗan ganga da ke juyawa, a ciki ake jera harsashi. Kakana na wajen uba tsohon ɗan sanda ne, kuma yadda aka yi ta biyo shi gida bayan ya ajiye aiki ban taɓa jin wanda ya tambaya ba. Mu jikoki Tsoho muke ce masa. Duk shekara idan an gama girbi an cika rumbuna, yakan sa a kife ƙoƙo a kan kututture a bayan gari, ya ja da baya, ya ɗaga hannu ɗaya ya fasa shi. Mu yara kallo muke zuwa. Manya kuwa sun san labarin zai bi 'yan kasuwa har ƙauyukan kewaye, ɓarayin hatsi su ji cewa hannun Tsoho yana nan yadda suka san shi.

A shekarar da na fara ɗaukar tulu zuwa rijiya, ya harba, ƙasa ta yi tsalle can gefe, ƙoƙo yana nan a kife. Ya sake harbawa, haka. Tsoho ya juya bindigar a hannunsa, ya ce ta sha damina, kowa ya yi sauri ya ce lallai kuwa an yi ruwa bana.

Daga nan gidanmu ya shiga hidimar libarba. Ya shimfiɗa buzu a zaure, ya yi ta zura tsumma a hancinta har tsumman ya riƙa fitowa fari tas. Ya ce to harsasan ne suka ji sanyi, ya shanya su a faifai kamar kuɓewa, kakata tana korar kaji tana mita. Aka gwada, ba ta samu ba. Ya ce ɗan tsinin da ake saiti da shi ne ya karkace, aka kira maƙeri. Maƙerin ya duba, ya sake dubawa, ya ɗan ƙwanƙwasa inda babu abin ƙwanƙwasawa, ya miƙa masa da hannu biyu. Da wannan ma bai yi ba, sai zargi ya koma kan mata, wai wata ta tsallake ta. Har malam aka kira ya tofa mata addu'a.

Ni kuwa da nake kai masa kunu kullum, na ga abin da ake ciki. Zai miƙa hannu ɗaukar buta ya kamo iska. Wata safiya ya yi wa turmi sallama a tsakar gida, ya tsaya yana jiran amsa. Idan ya zauna a hasken ƙofa, kana iya ganin wani fari-fari a tsakiyar idonsa kamar an ɗiga nono a ruwa. Kakata ta iya tura kwano zuwa inda hannunsa zai sauka ba tare da kwanon ya yi motsin da za a ji ba. Kowa a gidan ya sani.

Sai dai a wurinmu ɗa ba ya kallon ubansa ya ce masa ya gaza. Wannan baki na jika ne, domin tsakanin kaka da jika akwai wasa, babu abin da ba a faɗa. Na kuwa faɗa. Na ce, “Tsoho, bindiga ƙalau take, idonka ne ba ya gani.”

Ya yi dariya har da tari. “Amarya, kin samu saurayi ke nan, kina neman dalilin rabuwa da ni.”

Aka yi ta dariya, har da babana, wanda na ga bai ɗago kai ba. Na sake faɗa washegari, na sake faɗa har da kuka, duk a wasa aka ɗauka. Waɗanda za a yarda da maganarsu ba su da bakin faɗa, ni mai bakin kuma ba a yarda da tawa. Ban san wani baƙin ciki da ya kai wannan ba a ƙuruciyata.

Da bazara Baffana, ƙanen babana da ke tuƙin mota a birni, ya zo gida. Shi Tsoho ya koya wa harbi tun yana saurayi. Da sassafe ya saci jiki da bindigar zuwa fadama, na bi shi a baya don a lokacin duk inda ya sa ƙafa nan nake sa tawa. Ya ɗora goruba a kan dutse, ya harba sau ɗaya, goruba ta tarwatse. Na yi tsalle ina murna. Shi kuwa ya zauna a ƙasa yana kallon bindigar.

Da yamma Tsoho ya tara 'ya'yansa a bayan gari, ya ce Baffa ya gwada ta a gabansa a san gaskiya. Zuciyata ta yi fari, na ce yau magana ta ƙare, gobe sai asibitin ido a Kano. Baffa ya ɗaga hannu. Na ga lokacin da ya ɗan kautar da shi. Ƙasa ta tashi nesa da ƙoƙon.

“Ta samu?” in ji Tsoho.

Aka ce ba ta samu ba.

“To kun gani. Na ce muku ita ce.”

Rabon da in ga farin ciki a fuskarsa irin na wannan yammacin har na manta. Babana ya kewaya ya kewaya ya kawo zancen zuwa birni a duba lafiya, Tsoho ya ce a nemo masa mai gyaran bindiga, a bar masa idonsa. Kafin wata kakar ta zagayo ni ce ke riƙe masa sanda zuwa ƙofar masallaci. Ba a sake kife ƙoƙo ba, kuma bai sake ganin fuskar kowa ba har Allah ya karɓi abinsa.

A nan London maƙwabciyata, wata dattijuwa 'yar Jos, an cire mata irin wannan yanar ido. Da hantsi na raka ta, kafin la'asar mun dawo tana yi mini tsiyar bas ɗin da na sa muka hau. Likitocin nan a fuskarka suke gaya maka abin da ya lalace. 'Yata ma in ta ga ina nisanta waya da fuskata sai ta ce, “Mummy, you need glasses,” wai ina buƙatar tabarau, ko kunya babu. Raina yakan ɓaci, amma na je na yi booking ɗin ganin likitan ido.

Da na dawo daga wurin telar na kira Baffa ta bidiyo. Ya tsufa ƙwarai. Bayan gaisuwa na yi ƙarfin hali na tambaye shi abin da ya sa ya kautar da hannu a ranar. Ya ce, “'Yata, da na fasa ƙoƙon nan, kakanki na harba.”

Yana maganar yana kallon gefen wayar, ba inda nake ba. Ya ce wayar ce ta lalace, kwana biyu hoto ba ya fita sosai, yaran sun kai ta gyara amma ba ta gyaru ba. Na ji muryar ɗansa a bayansa yana cewa lallai wayar ta tsufa. Na buɗe baki. Amma ni a wurin Baffa 'ya ce, ba jika ba. Na ce masa in Allah ya yarda zan aiko da sabuwa.